Ƙashin Bayan Na'ibi Mai Ruwa

Surukina ne, mahaifin matata Bashira, don haka yana raye ban taɓa kama sunansa ba. Baba nake ce masa. Amma a unguwar Ammariyya ta Jidda a wancan lokacin in ka ce Baba ba wanda zai gane, sai ka ce Na'ibi mai ruwa, nan da nan a nuna maka lungun. Ni sunana Rafi'u, direba ne, ina da wanet, 'yar motar ɗaukar kaya, kuma a cikinta na yi ta yawo da shi a shekarun da ya yi yana neman haƙƙin bayansa. Wani abin a bakinsa na ji, wani da idona na gani.

Dogon mutum ne, ko in ce da can dogo ne. Lokacin da na san shi ya riga ya karkace ta hagu, yana tafiya kamar mai neman allura a ƙasa. Ba ya kwana a katifa. Wata tsohuwar ƙofa aka ɗora masa a kan bulo, aka shimfiɗa bargo, nan ne gadonsa. Mutum ne mai son hira, kuma hirarsa ɗaya ce ba ta tsufa: yaƙi.

A Maiwurno aka haife shi, a bakin Nilu, cikin Hausawan da kakanninsu suka taso da niyyar Hajji suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Yana saurayi babban yaƙin Turawa ya iso yankin, aka yi shela ana neman masu jan alfadarai. Ya shiga, domin an ce akwai abinci da kaki da takalmi. Aka kai su duwatsun Karan a ƙasar Iritiriya, inda mota ba ta hawa. Aikinsu su ɗora wa alfadarai akwatunan harsashi da ruwa su hau da su can sama inda ake ɓarin wuta, su sauko da waɗanda aka harbe. Alfadarinsa ja ne mai yagaggen kunne, ya sa masa suna Kurma saboda ba ya jin kira sai ya ga dama.

Wata safiya suna kan wata siririyar hanya a gefen dutse, harsashin igwa ya faɗo a bayansu. Kurma ya zabura, ƙafarsa ta zame, igiyar kuwa tana naɗe a hannun Baba. Suka gangara tare. Da suka tsaya, dabbar tana kansa, akwatunan suna kan dabbar. Ya ce bai ji zafi ba da farko, ƙara kawai ya ji a cikin jikinsa kamar an karya busasshen kara. Sai da rana ta yi sanyi aka ciro shi. Aka kwantar da shi a kan katako a cikin tanti, ba ya iya ɗaga kai. Wani ɗan garinsu mai suna Husaini, wanda ke taimakon masu girki, shi ya riƙa zuwa yana ba shi kunu a baki da cokali, yana juya shi, yana kwashe masa bayan gida. Baba bai taɓa ba da labarin nan ya tsallake Husaini ba.

Da ya iya tsayuwa, wani hafsa ya dube shi daga ƙofar tanti ya ce ya warke. Aka mayar da shi wurin girki yana ɓare albasa har aka gama yaƙi. Ranar sallama aka ba shi bargo da takardar shaidar ya yi aiki. Ba wanda ya yi maganar baya, shi ma bai san ana yi ba.

A farkon shekarun hamsin ya tsallako teku da matarsa Mastura, wadda nake kira Inna, da Bashira tana goye. Suka yi Hajji suka zauna a Jidda. Ba shi da jari, ba shi da sana'a sai ƙarfi, ƙarfin kuma a karye. Abin da ya samu shi ne ɗaukar ruwa. A lokacin ruwa bai shiga gidaje ba, sai an je bazan, wurin da ake tara shi ana ɗiba. Ka cika garwa biyu, ka rataya su a sanda, ka saɓa a kafaɗa, ka bi lunguna, ka hau benayen tsohon gari masu hawa kan hawa, matakalarsu ƙunci da duhu. Da wannan bayan ya yi ta yi fiye da shekara goma. In ya dawo Inna ta soya gishiri ta ƙulle a tsumma ta gasa masa. An yi ƙaho, an yi lalas da jan ƙarfe har bayan ya zama kamar tsohuwar ƙwarya da aka yi wa zane. Da safe ya tashi ya koma.

Bayan na auri Bashira da kaɗan ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa. Yana cikin tafiya sai ya daina jin ta. Wata rana ta yi masa haka a matakalar wani attajiri, ya faɗo da garwa biyu, ya kasa tashi. Aka aiko mini na je. Na same shi kwance a ƙasan bene cikin ruwa, matar gidan tana can sama tana faɗa a kan dardumarta da ta jiƙe, tana tambaya wa zai kawo mata wani ruwan. Na ɗauke shi a kafaɗa na sa a mota. Daga ranar bai ƙara saɓa sanda ba.

Husaini shi ma yana Jidda. Ya zo bayan Baba da 'yan shekaru, ya yi sa'a, ya buɗe shagon sallaya da tasbaha yana sayar wa alhazai. Yana yawan zuwa gidan, su zauna su sha shayi su yi hirar Maiwurno. Shi ne ya kawo labari cewa wata ƙungiyar Turawa mai kula da tsofaffin sojoji ta buɗe ofis a bakin teku, wanda ya ji rauni a yaƙi ana yanka masa wani abu duk wata.

“Ni lafiyata lau, ba ni da abin nema,” in ji Husaini. “Amma kai Na'ibi haƙƙinka ne. Ni shaida ne, da hannuna na ba ka kunu.”

Na kai shi. Ofishin masu duba naƙasassu ne, amma a saman bene yake, kuma babu wurin zama a baranda. Wani magatakarda mai siririn gashin baki ya karɓi takardar sallamar da yatsa biyu, ya yi 'yan tambayoyi bai ɗago ido ba. Ya tambayi sana'a, Baba ya ce ɗaukar ruwa. Ya rubuta. Aka ce mu tafi za mu ji.

Bayan watanni takarda ta zo. Wai sun duba, sun ga mutum ne da ya yi shekaru yana hawa bene da ruwa a kafaɗa. In da ya karye a yaƙi da bai iya ba. Tunda kuwa ya iya, to ruwan ne ya lalata masa baya, ba ruwansu. Wani malamin makaranta maƙwabcinmu ne ya karanta mana ya fassara. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce a maimaita masa, aka maimaita.

“To,” ya ce. “Da na kwanta na bar Mastura da yarinya yunwa ta kashe su, da na cancanta ke nan.”

A ƙasan takardar an ce yana iya ɗaukaka ƙara. Husaini ya ce wannan aiki ba na mutum shi kaɗai ba ne, sai da mu'aƙƙib, irin mutanen nan masu bin takardu ofis-ofis. Ya kawo wani Abdulghaffar, haifaffen nan, iyayensa Hausawa amma Hausar tana yi masa nauyi, rabin maganarsa Larabci. Farar riga tas, turare kamar an zuba masa da moɗa, tsinken sakace a gefen baki kullum. Ya zauna a tsakar gida ya ce Baba ya ba shi labarin daga farko, kada ya bar komai. Baba kuwa abin nema ya samu. Ya ba shi sunan sajensu, da kamannin hanyar, da yagaggen kunnen Kurma, da igiyar da ta naɗe hannu, da ƙarar karan da ya ji a jikinsa. Abdulghaffar yana rubutawa yana gyaɗa kai, yana cewa, “Masha Allahu, ya ammi, labari mai kyau.” Kalmar ta tsaya mini. Ban san karyewar mutum tana da kyau ba.

Da ya gama sai ya cire tsinken ya ce saura abu ɗaya. Likitansu zai zo daga ƙasarsu ya duba masu ƙara, kuma likita ba ya ganin ciwo sai an nuna masa.

“Ranar ba za ka taka da ƙafarka ba. A tabarma za a ɗauko ka, mutum huɗu. In an taɓa ka ka yi kururuwa. Ka bar miyau ya zubo. Kuma mafi muhimmanci, ya ammi, ka sha ruwa da yawa tun safe. In likita ya danna bayan, ka sake shi a wando. Wanda fitsari ya kuɓuce masa, khalas, an gama, ba sa musu.”

Inna tana bayan labule, na ji ta ajiye ludayi da ƙarfi. Baba ya dubi Abdulghaffar.

“Ɗana,” ya ce, “ciwon da ke jikina bai isa ba, sai na aro wani?”

“Ba batun isa ba ne. Haka ake yi.”

“Ina da jika. In yi fitsari a wando a gaban Bature, in dawo gida in zauna a ce ga kaka?”

Abdulghaffar ya ɗaga kafaɗa, ya naɗe takardunsa ya sa a aljihu, ya ce shi ba ya shiga aikin da ya san faɗuwa zai yi. Ya shanye shayinsa tukuna sannan ya fita.

Malamin makarantar ne ya rubuta mana ƙarar. Da likitan ya zo aka tara su a wani asibiti da aka ara, tsofaffin sojoji birjik a tsakar gida, cikin rana. Akwai mai ƙafa ɗaya, akwai makaho, akwai kuma waɗanda aka shigo da su a tabarma suna nishi, wasunsu na san su a kasuwa suna ciniki da ƙarfinsu. Muka zauna tun hantsi. Aka kira azahar ba a kira mu ba. A gida Baba a zaune yake salla in ciwon ya motsa. Amma ranar mutane suka yi sahu a gindin katanga, shi kuma ya ji kunyar ya zauna a tsakiyar waɗanda suka rasa gaɓoɓi suna tsaye. Ya miƙe. Ina gefensa, ina jin numfashinsa a ruku'u kamar ana jan zarto. A sujadar ƙarshe ya kasa ɗagowa sai da na sa hannu a hammatarsa. Da muka sallame na ɗaga kai, sai ga magatakardan nan mai gashin baki a taga, kofin shayi a hannunsa, yana kallonmu.

Da la'asar aka shiga da shi, na bi shi don in riƙe shi. Likitan ya ce ya tuɓe. Ya tuɓe sai wando. Mutumin bai taɓa shi da hannu ba, da bakin wani ɗan katakon awo yake dungurar sa, nan, da nan, yana toshe hanci da hankici ko da yake Baba ya yi wanka ya sa wankakkiyar riga. Ya ga tabon lalas ya kira wani abokin aikinsa, suka tsaya suna nunawa suna magana da harshensu, ɗaya ya yi dariya. Tsoho yana tsaye a karkace, riƙe da mazagin wandonsa, yana kallon bango. Aka aika mu ɗaukar hoton ƙashi. Mai ɗaukar hoton, wani Bamisire, ya ɗaga shi a haske ya nuna mini inda ƙasusuwa suka murƙushe suka manne da juna. Ya ce, “Wannan tsohuwar karaya ce. Da me mutumin nan yake tafiya?”

Na dawo gida da murna na gaya wa Inna an gani, wannan karon an gani.

Amsa ta zo. Wai hoto ya nuna rauni, amma hoto ba ya faɗin shekarar da aka ji shi. Wai ƙone-ƙonen gargajiya da ya yi wa kansa sun ɓata wurin. Sannan wai wani ma'aikacinsu ya gan shi a ranar yana sunkuyawa yana kai goshi ƙasa yana tashi ba tare da wahala ba. Malamin ya karanta wannan layin, bai so ya fassara ba sai da Baba ya matsa masa.

Ban taɓa ganin Baba ya ƙi abinci ba sai ranar. Ya ce shi ya haƙura. Inna ce ta ƙi.

“Malam, ba don abin da za su bayar ba,” ta ce. “Sun ce maƙaryaci ne kai, kuma da sallarka suka kafa hujja. Ni na gasa bayan nan tun ina amarya, kafin ka san akwai bazan a duniya. In mace tana shaida a wurinsu ni zan je.”

Akwai mataki na ƙarshe, inda manya uku ke zama su saurari mutum da bakinsa, kuma an yarda ya zo da wanda ya ga abin da ya faru. Wa ke nan in ba Husaini ba? Sai dai Husaini ya yi wuyar gani. Ya rage zuwa shan shayi tun bayan zuwan likita. Na je shagonsa aka ce ya tafi Madina. Na koma aka ce ba shi da lafiya. Na tare shi a masallaci ya ce in sha Allahu, in sha Allahu, yana duban takalmansa. Ranar zaman na biya ta gidansa da sassafe, matarsa ta ce ya fita tun asuba. Muka tafi mu biyu.

Wannan ya kama farkon shekarun saba'in. Ɗaki ne mai sanyi, dogon tebur, Turawa biyu da wani Balarabe, ga tafinta a gefe, wani dattijo Basudane. Aka ba Baba kujera, karo na farko ke nan. Aka ce ya faɗi abin da ya same shi. Ya fara a nutse, yadda ya saba, tafinta yana juyawa. Ya zo kan siririyar hanya sai na ga Baturen tsakiya ya kalli na kusa da shi. Ya zo kan igiya, na gefen ya janyo wasu takardu yana bi da yatsa. Baba ya ce, “Alfadarin nan kuwa ja ne,” sai na tsakiyar ya ɗaga hannu ya yi magana yana murmushi.

Tafinta ya juyo ya ce, “Yana tambaya, kunnensa a yage yake, kuma sunansa Kurma?”

Fuskar Baba ta washe. Ya ɗauka an samo shaida a tsofaffin takardun yaƙi. “Shi ne,” ya ce. “Wallahi shi ne.”

“Kuma ka ji ƙara kamar an karya busasshen kara.”

“Haka aka yi.”

Baturen ya rufe takardun ya yi dogon bayani, murmushin ya tafi. Tafinta ya fassara yana kallon tebur. Wai wannan labarin, kalma da kalma, wani ya riga ya kawo shi, likita ya duba shi ya tabbatar, an yanka masa haƙƙinsa tun bara. Mutum biyu ba sa kwanciya a ƙarƙashin alfadari ɗaya. Wai sun san ana sayar da labarai a garin nan, kuma don tsufansa ne kawai ba za su sanar da hukuma da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, cewa ya zo da zamba ba. An rufe maganar, babu wani mataki bayan wannan.

Na ɗaga Baba muka fito. A matakala tafintan ya biyo mu kamar zai wuce, ya rage murya ya ce da ni, “Wancan ɗin ma ni na yi masa tafinta. A tabarma aka kawo shi. Husaini sunansa, mai shagon sallaya.”

Na so in kai Baba gida tukuna. Ya ce a'a, mu biya kasuwa.

Muka tarar da babbar mota tana sauke kaya a ƙofar shagon. Husaini da kansa ya saɓo dilar sallaya a kafaɗa, yana tafiya da ita cak, yana ba masu dako umarni. Ya juyo ya gan mu. Ya sauke dilar a hankali, sannan, Allah shi ne shaida, ya kai hannu ya dafe ƙugunsa.

“Sauke hannun,” in ji Baba. “Ni ne.”

Ya shigar da mu ciki, ya jawo kujera, Baba bai zauna ba. Husaini ya fara magana da sauri. Wai Abdulghaffar ne ya zo masa. Wai ya ce tunda Na'ibi ya ƙi bin shawara, labarin zai tafi a banza, Turawa su ci bulus, gara wani ɗan Maiwurno ya amfana. Wai shi ma ai ya yi yaƙin, hayaƙin girki ya ɓata masa ido ba wanda ya biya shi. Wai dama yana da niyyar ya zo ya yi bayani.

“Kuma ka tuna, Na'ibi, ni na ba ka kunu. Ni na kwashe maka kashi. Ba zan ci ni kaɗai ba. Duk wata zan riƙa aiko maka da rabonka, mu rufa wa juna asiri.”

Baba ya dafa kanta ya dube shi sama da ƙasa.

“Abu ɗaya zan tambaye ka. Da likita ya danna bayan, ka sake shi?”

Husaini ya shiga gyara sallayoyin da ke gabansa.

“Ka yi fitsarin a wando, Husaini?”

“Kowa haka ya yi,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, “Rafi'u, mu tafi.” Husaini ya biyo mu har bakin mota da wata sabuwar sallaya mai laushi yana cusa mini, na bar ta ta faɗi a kwata. Mun yi nisa kaɗan Baba ya ce in tsaya. Ya buɗe ƙofa ya yi amai a gefen titi, ba komai a cikinsa sai ruwa. Na sayo masa ruwa ya kurkure baki, ya wanke hannun da ya dafa kantar da shi.

Ni ban haƙura ba. Na koma ofishin ni kaɗai na ce a kawo su biyun a tuɓe su, a ɗauki hoton bayan kowa, a gani. Magatakardan ya ce likitansu ya riga ya sa hannu, kuma likitansu ba ya kuskure. Ya ce in ina son iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ta zauna lafiya in sauka daga benen nan. Da na gaya wa Baba sai ya yi mini faɗa. Ya ce ko sun yarda shi ba zai ƙara cire riga a gaban kowa ba, kuma kada in sake kai sunansa wurin.

Haya ta yi tsada a Ammariyya, muka kwashe gaba ɗaya muka koma unguwar Waziriyya, su da mu gida ɗaya. Ya samu wuri a ƙofar masallaci yana sayar da asuwaki da goro a faifai, a jingine da bango, matashi a bayansa. Inna tana yin ƙosai da safe. Haka suka ci gaba, ba su roƙi kowa ba. Husaini ya yi aike sau da yawa, Inna tana mayar da ɗan aiken daga bakin ƙofa. Abin da ya fi damuna shi ne hirar ta mutu. Mutumin da baƙo ba ya zama a gidansa bai ji labarin Karan ba, ya daina. In jikokinsa suka ce Kaka ba mu labarin alfadari, sai ya ce ya manta, su je su yi wasa. Wata rana wani sabon maƙwabci ya tambaye shi me ya same shi a baya, ya ce, “Ruwa na ɗauka.”

Ƙafafun suka mutu duka biyu a ƙarshe. Ya yi shekara guda da wani abu a kwance a gefe ɗaya, Inna da Bashira suna juya shi. Ya rasu bayan sallar layya, ana tsakiyar shekarun saba'in, da hantsi, yana cikin hankalinsa.

Ana zaman makoki, mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, sai ga wata doguwar mota ta tsaya. Abdulghaffar ne, ya yi ƙiba, turaren nan yana nan. Ya yi gaisuwa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo da Larabci mai daɗi, aka ba shi gahawa ya sha. Sannan ya matso kusa da ni, daidai tagar ɗakin da Inna take takaba, ya yi magana yadda za ta ji.

“Akwai wani sabon tsari na matan tsofaffin sojoji da suka rasu. Wannan ya fi sauƙi, ya akhi. Mamaci ba ya gardama, abin da muka rubuta shi ke nan. Ka gaya wa Hajiya, in ta fita takaba in zo mu zauna.”

Kafin in buɗe baki muryar Inna ta fito ta taga, ba ta ɗaga ta ba.

“Bashira, kofin da baƙon nan ya sha da shi, kada ki haɗa mini da sauran. Ki kai shi bola.”

Bashira ta aiko aka ɗauke kofin daga gabansa. Ya yi 'yar dariya, ya ce baƙin ciki ne, Allah ya ba da haƙuri, ya tashi ya shiga motarsa.

Husaini bai zo makokin ba, ya aiko da buhun shinkafa, muka ba masu shara. Ya ci gaba da karɓar abinsa har ya tsufa, ya ƙara shago na biyu. Abdulghaffar kuwa ya buɗe ofis mai na'urar sanyi a hanyar unguwar masana'antu, yana yi wa leburori takardu, kullum da layi a ƙofarsa. Hanyata ce in zan kai kaya, ba yadda zan kauce mata. Wani lokaci yana tsaye a waje, ya gane motar ya ɗaga mini hannu. Ni kuma sai in ɗaga gilashi, duk zafin da ake yi, har in wuce.